Gwajin dunƙulen garkuwar jiki a cikin jini

Dunƙulen garkuwar jiki shi ne curin da ke samuwa idan antibodi, furotin da jiki ke ƙerawa don yaƙar cuta, ta kama antijin, wato abin da take farauta, suka manne. A jikin mai lafiya hanta da saifa ne ke kwashe shi. In ya yi yawa sai ya maƙale a ƙoda, gaɓoɓi ko bangon jijiyoyin jini, kamar yadda ake gani a ciwon lupus (wanda garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum) da ciwon hanta nau'in B da C.

Tarihi

Yawancin hanyoyin gwajin sun fito ne a shekarun 1970. Wadda ta fi suna ita ce ta ƙwayoyin halitta na Raji, waɗanda aka samo a Ibadan wajen 1963 daga wani yaro ɗan Najeriya mai sankarar Burkitt, ana kuma renon su a ɗakunan gwaji har yau. Fatar ƙwayoyin tana cafke dunƙulen da sinadarin kwamfiliment (rukunin furotin na garkuwar jiki da ke cikin jini) ya lulluɓe, sai a auna yawan IgG, wani nau'in antibodi, da ya maƙale. Matsalarta, jinin masu lupus kan ɗauki antibodin da ke kama ƙwayoyin kai tsaye, sakamako ya haura ba gaira ba dalili. A 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kwatanta hanyoyi 18, aka ga ba su cika yin daidai da juna ba.

Sauran hanyoyi

Gwajin C1q ya dogara ne da yadda wannan furotin na kwamfiliment ke riƙe antibodin da ta cure, ya ƙyale wadda ke yawo ita kaɗai. Yanzu da ELISA, hanyar awon da ke nuna sakamako ta sauyin launi, ake yin sa. Hefarin, maganin hana jini yin guda, da DNA na rikita shi. Mafi araha shi ne PEG 6000, sinadarin da ke sa dunƙulen ya kwanta: a zuba kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari a ruwan jini, ya kwana a sanyin digiri 4, a wulwula a inji, a auna abin da ya kwanta.

Kula da samfuri

Nan ne aiki ya fi lalacewa. Ruwan jinin da ya daskare ya narke sau da yawa, abin da ɗauke wuta ke jawowa a gari mai zafi irin Sakkwato, IgG ɗinsa kan cure da kansa, ya yi kama da dunƙulen gaske. Shi ya sa ake raba samfuri ƙananan kwalabe kafin a daskarar.

Gwajin kirayogulobulin kuwa, wato furotin da ke curewa ya kwanta idan jini ya yi sanyi, ɗumi yake so da farko. Dole jinin ya zauna a digiri 37 tun daga allura har a tace shi, sannan a ajiye ruwan a digiri 4 har kwana 7. Da safiyar hunturu, in aka ɗauko kwalba daga ɗakin majinyata ba cikin fulas ɗin ruwan ɗumi ba, furotin ɗin zai bi gudan jini ya kwanta, gwaji ya nuna babu alhali akwai.

Amfani a yau

Ana saɓani kan darajar gwajin. Likitoci da yawa sun fi dogara da awon C3 da C4 (furotin na kwamfiliment) da duba tsokar ƙoda.