"Sake fasali" a cibiyoyin binciken kimiyya: gyara ne ko sallama?

Kwanakin nan da wuya ka saurari labarai ba ka ji "sake fasali" ba. Da zarar kuɗi ya gaza a wata cibiyar binciken kimiyya da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, sai ka ji za a sake mata fasali, mai karanta labarai kuma ya faɗa kamar wani albishir. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake cakuɗa kalmar da giɓin kasafi da ragin kasafi, alhali kowanne hanyarsa daban. Giɓi ma yakan samu ba tare da an rage ko kwabo ba: a ba cibiya daidai abin da aka ba ta bara, amma albashi ya tashi, wutar lantarki ta tashi, ruwan hiliyom da ake sanyaya manyan na'urori da shi ya yi tsada. A takarda ba a taɓa ta ba, a ɗakin gwaji kuwa an riga an kashe wata na'ura.

Ita kalmar fasali daga Larabci muka aro ta. Duk wanda ya riƙe littafin fiƙihu ya san babi, ya san fasalin da ke ƙarƙashinsa, wato yanki da aka ware. Da ta shigo bakinmu sai ta koma tsari da kyan siffa, shi ya sa muke cewa magana ba ta da fasali. Don haka kunnen Bahaushe in ya ji "sake fasali", gyara yake ji, abu ya karkace za a miƙar da shi. Amma tushenta a Larabci yankewa ne da rabawa, har ma da ita Larabawa ke faɗin korar ma'aikaci daga aiki. A ganina sanarwa da yawa wannan tsohuwar ma'ana suke nufi, suna fakewa da tamu.

Sake fasali na gaskiya akwai shi, kuma ban ƙi shi ba. A haɗe sassa biyu masu aiki iri ɗaya, a rage tarin daraktoci, jami'o'i uku su yi tarayya a na'ura ɗaya mai tsada. Aikin bai tsaya ba.

Amma dubi Ostireliya. A watan Fabrairun 2016 hukumar bincike ta ƙasar, CSIRO, ta sanar da sauya alkibla da zai shafi guraben aiki kusan 350, kuma masu binciken sauyin yanayi na cikin waɗanda abin ya fi faɗa wa. Masana daga ƙasashe da dama suka yi ca, domin aikin auna iska ba ya jira. Tashar Cape Grim da ke tsibirin Tasmaniya na ƙasar, wadda CSIRO ke cikin masu gudanar da ita, tun 1976 take ɗibar iska tana aunawa, kuma darajar aikin tana cikin rashin yankewarsa ne.

An taɓa ganin irin asarar da masanan ke tsoro. Masanin kimiyya Charles Keeling ya fara auna iskar kabon a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, lokacin tana wajen kashi 315 cikin kashi miliyan na iska. Yau ta haura 420. A 1964 kuɗi ya yanke, aka dakatar da awo daga Fabrairu zuwa Afrilu. Kuɗin ya dawo, aka ci gaba da awo, amma iskar waɗannan watanni uku ta wuce, babu kasafin da zai sake kamo ta. Gini in an dakatar, baɗi a ɗora daga inda aka tsaya. Ƙwayoyin halittar da aka shekara goma ana reno, firjinsu ya mutu dare ɗaya, sai dai a zubar. Ma'aikacin da shi kaɗai ya san lagon wata tsohuwar na'ura, ranar da aka sallame shi ya tafi da saninsa.

Shi ya sa in sanarwa ta zo da "sake fasali", ina so ɗan jarida ya tambaya kafin ya karanta: mutum nawa za su tafi, kuma wane awo ne za a daina yi daga ranar Litinin?