Waiwaye: Yadda masu sassaucin ra'ayi a Amurka suka rabu da 'yan ƙwadago

Lokacin da Franklin Roosevelt na jam'iyyar Democrat ya hau mulki a 1933, kusan ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu a Amurka yana zaman kashe wando, bankuna kuma sai durƙushewa suke yi. Maganin da ya kawo shi ne gwamnati ta sa hannu a harkar kasuwa. A 1935 aka kafa tsarin fansho na ƙasa, doka kuma ta tsaya wa ƙungiyoyin ƙwadago. Tun daga nan mai sassaucin ra'ayi a Amurka ya zama wanda ke son gwamnati ta zama gatan talaka. Tafiyar dai haɗin gambiza ce: leburorin masana'antu, baƙar fata na biranen Arewa, da turawan Kudu masu wariyar launin fata. Tukunyar tuwo ce kawai ta haɗa su.

Shugaba Lyndon Johnson ne ya kai tafiyar ƙololuwa, da dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 da ta kaɗa ƙuri'a ta 1965, waɗanda suka haramta wariyar launin fata. A nan kuma igiyar ta fara tsinkewa. Turawan Kudu suka riƙa zamewa zuwa jam'iyyar Republican, yaƙin Vietnam ya raba kan 'yan Democrat, har ɗan takararsu na shugaban ƙasa George McGovern ya tashi da jiha ɗaya tak a zaɓen 1972. A zamanin Shugaba Reagan kiran mutum mai sassaucin ra'ayi ya koma kamar zagi. Shugaba Bill Clinton, ɗan Democrat, da bakinsa ya ce a 1996 zamanin babbar gwamnati ya wuce.

A ganina, babbar asarar tana wajen 'yan ƙwadago. A shekarun 1950 kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata 'yan ƙungiya ne. Yau kusan ɗaya cikin goma. Jam'iyyar Democrat ta koma hannun masu digiri na manyan birane, Trump kuma ya tsinci dami a kala: ya kwashe jihohin masana'antu na Michigan, Wisconsin da Pennsylvania a 2016, ya sake kwashe su a 2024.

Yanzu gidan ya rabu biyu. Wasu na cewa a koma tsakiya, a rage zancen jinsi da launin fata. Ɓangaren Sanata Bernie Sanders na cewa a koma kan albashi, kuɗin haya da asibiti. Da wannan saƙon Zohran Mamdani ya ci zaɓen magajin garin New York a 2025, sai dai New York daban take da ƙauyukan Pennsylvania.