Masu Farfasa Manyan Lambobi Don Sha'awa: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai mutanen da kwamfutarsu ba ta kwana. Suna barci, ita kuwa tana ta fama da wata lamba mai alƙaluma 150, kuma in ta gama ba a ba su ko sisi. Sai su shigar da amsar cikin wani rumbu na intanet, su ɗauko wata lambar.

Wai me ake nufi da farfasa lamba?

Ɗauki 91. Kallon farko kamar ba ta rabuwa, amma 7 sau 13 ce. Su kuwa 7 da 13 ba abin da ke raba su daidai sai 1 da kansu. Irin waɗannan ake kira lambobin firam, su ne tubalan da aka gina sauran lambobi da su. Wadda aka gina da tubali biyu ko fiye, kamar 91, haɗaɗɗiyar lamba ce. Farfasa ta shi ne gano tubalan nata, kuma kowace lamba hanya ɗaya tak take farfasuwa.

To ina wahalar? Ai rabawa ce kawai.

Ninkawa ce mai sauƙi. Ka ba kwamfuta firam biyu masu alƙaluma ɗari-ɗari, kafin ƙiftawar ido ta ninka su. Amma ka ba ta sakamakon ka ce ta nemo waɗanda aka ninka, to an shiga daji. Gwada rabawa da 2, da 3, da 5, ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa ƙananan lambobi, amma ga babba ko shekarun duniya aka ba ka ba za ka kai rabi ba.

A 1903 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Frank Nelson Cole, ya tsaya gaban taron masana bai ce uffan ba. Ya lissafa 2 ninke da kanta sau 67 a allo, ya cire 1. A ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287. Amsoshin suka zo ɗaya, ya koma ya zauna. Daga baya ya ce aikin ya cinye masa ranakun Lahadi na shekara uku. Yau wayar hannu ma tana gama wannan nan take, sai dai lambobin da ake fama da su sun yi tsawon da waccan ta koma wasan yara.

Yaya ake sanin lamba haɗaɗɗiya ce alhali ba a san tubalanta ba?

Wannan ne ya fi ba sabon shiga mamaki. Akwai gwaji, wanda tushensa ka'idar masanin lissafi Fermat ce, da kowace firam dole ta tsallake. In lamba ta faɗi gwajin, tabbas haɗaɗɗiya ce, amma gwajin ba ya faɗin me ya raba ta. Kamar ka jijjiga akwati a kulle ka ji motsi a ciki. Shi ya sa za ka ji masu farfasa lambobi suna cewa "C150", wato haɗaɗɗiya mai alƙaluma 150 da ba a buɗe ba tukuna.

Wane rumbu ne suke zuba sakamakon?

Wanda ya fi shahara shi ne FactorDB. Ka rubuta lamba, ya nuna maka abin da aka sani a kanta. C na nufin haɗaɗɗiya ce, ba a san ko tubali ɗaya ba. CF, an samo wasu, da saura. FF, an gama da ita kakaf. P firam ce tabbatacciya, PRP kuma ta tsallake gwaji amma ba a kawo cikakkiyar hujja ba. Burin mai sha'awa ya mayar da C ta koma FF.

Al'adar ta girmi intanet. A 1925 Allan Cunningham da Herbert Woodall suka buga jadawalin tubalan lambobin da ake samu in an ninka 2, 3, 5, 6, 7, 10, 11 ko 12 da kanta sau da yawa, sannan aka ƙara 1 ko aka cire 1. Har yanzu ana cike guraben jadawalin da sunan Aikin Cunningham.

In kowa na iya shigar da amsa, wani ba zai zuba ƙarya ba?

Ba ta shiga. Wanda ya ce ya samo tubali, rumbun zai raba lambar da shi nan take. In akwai saura, an yi watsi da shi. Abin da ya ci wata uku ana nema, tantance shi bai kai daƙiƙa ba. A ganina wannan ne ƙashin bayan harkar duka. Ba a tambayar digirinka, ba a buƙatar a yarda da kai. Ɗalibi da farfesa, ma'auninsu ɗaya.

Daga ina suke samo lambobin?

Da yawa daga jerin alikwot. Ka ɗauki lamba, ka tara duk abin da ke raba ta ban da ita kanta, sannan ka maimaita da sakamakon. Misali 12: 1, 2, 3, 4 da 6 sun ba da 16. Daga 16 sai 15, sai 9, sai 4, sai 3, sai 1, tafiya ta ƙare. Wasu suna zagaye: 220 tana ba da 284, ita kuma ta dawo da kai 220. Amma 276 ta ba da 396, ta ba da 696, ta ci gaba da hawa, yanzu ta wuce alƙaluma 200 kuma ba wanda ya san ko za ta sauko. Ita da 552, 564, 660 da 966 ake kira biyar ɗin Lehmer, da sunan wani masanin lissafi. Ba a iya taka mataki na gaba sai an farfasa lambar da ake kai gaba ɗaya, don haka haɗaɗɗiya ɗaya mai taurin kai takan tsayar da jeri tsawon watanni. Kuma ba a yanke ƙauna da wuri, domin 138 ta hau har alƙaluma 12, sannan ta gangaro ta ƙare a 1.

Da wace dabara suke aiki?

Bi-da-bi ne, daga mai araha zuwa mai tsada. A fara da rabawa da ƙananan firam. Sai dabarun John Pollard na shekarun 1970. Sai dabarar da ake kira ECM, wadda Hendrik Lenstra ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1980. Ita ba ruwanta sosai da tsawon lambar, girman ƙaramin tubalin ne ke damunta, kuma akwai sa'a a ciki, kamar jefa ƙugiya a ruwa. Tubali mafi girma da ta taɓa kamowa mai alƙaluma 83 ne, a 2013.

In ƙugiya ba ta kama ba sai a koma tankaɗe, wato dabarun lissafi da ake kira rariya. Akwai rariyar da Carl Pomerance ya ƙirƙira a 1981, mai kyau har wajen alƙaluma ɗari. Sama da haka sai babbar rariya, NFS. Ita ba ruwanta da sa'a, tabbas za ta gama, amma kowane ƙarin alƙaluma biyar ko shida yana kusan ninka aikin. Manhajojin kyauta ne: YAFU, Msieve, GMP-ECM, CADO-NFS. In lamba ta fi ƙarfin mutum ɗaya, akwai NFS@Home, inda masu sa kai ke ara wa aikin kwamfutocinsu. Babban kuskuren sabon shiga shi ne gaggawar zuwa rariya, ya ƙona makonni, ƙarshe ya tarar da ƙaramin tubalin da ECM za ta samo cikin awa guda.

Wannan ba barazana ba ce ga sirrin intanet?

Tsarin RSA, wanda ake kulle bayanan sirri da shi a intanet, ya dogara ne da wahalar farfasawa, gaskiya ne. A 1977 aka buga ƙalubalen lamba mai alƙaluma 129, aka sa ladan dala 100, sai a 1994 masu sa kai kusan 600 suka farfasa ta. A 2020 wata tawagar masu bincike ta gama da RSA-250, wato lambar ƙalubale mai alƙaluma 250, aikin da ya kai kimanin shekara 2,700 in ƙwayar sarrafawa ɗaya ta cikin kwamfuta ce ke yi. Lambobin makullan RSA da aka saba amfani da su yau alƙaluma 617 gare su. In ka tuna da ninkin da ake yi duk bayan alƙaluma biyar ko shida, za ka ga tazarar ba ta kwamfutar ɗaki ba ce.

To me suke samu?

Lantarki dai suke biya. Wani lokaci masu bincike kan amfana da jadawalin, manhajojin ma suna gyaruwa saboda yawan masu gwada su. Amma akasari daɗin abin ne: lamba ta shekara da shekaru tana ɗauke da C, da safe ka duba allo ka ga tubalai biyu da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa gani, ka shigar da su, alamar ta koma FF, jerin da ya tsaya ya ci gaba zuwa haɗaɗɗiya ta gaba.