Me Ya Haɗa Siffar Kiristal Da Maganin Cutar Kansa?

Mene ne tsarin kiristal?

Ɗauki ƙwayar gishiri ka duba ta a rana, za ka ga gefenta a miƙe kamar an sassaƙa. Atam ɗin da ke cikinta ne suka jeru sahu-sahu, tsari guda yana ta maimaituwa. Masanin sinadarai idan ya haɗa sabon abu, yakan narkar da shi, ya bar ruwan ya ƙafe a hankali. Wani sa'in sai an yi makonni kafin ɗan kiristal da bai kai kan allura ba ya fito. Daga nan a harba masa hasken ekisre, ɗigo-ɗigon da hasken ya bari su nuna mazaunin kowane atam. William Bragg da ɗansa Lawrence sun samu kyautar Nobel a 1915 saboda wannan fasaha.

To ina ruwan cutar kansa, wato sankara, da wannan?

Magani da furotin ɗin da yake farauta kamar tukunya da murfinta ne, sai sun dace. Dubi imatinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2001 don wani nau'in sankarar jini. A wannan cuta, furotin BCR-ABL ne ke ta umartar ƙwayoyin jini su hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. A 2000 masana suka fitar da tsarin kiristal da ya nuna dabarar maganin: yana cafke furotin ɗin ne a lokacin da yake kwance, ya hana shi tashi.

Idan aka ce sabon sinadari ya kashe ƙwayoyin kansa, an samu magani ke nan?

Da sauran rina a kaba. Galibi a faranti aka gwada shi, kan ƙwayoyin kansa da ake reno a ɗakin gwaji, irin su HeLa na kansar bakin mahaifa ko MCF-7 na kansar mama. Ai guba ma tana kashe su. Sai ya tsallake gwajin dabbobi da na mutane, kuma mafi yawansu a hanya suke faɗuwa.

Sinadari ɗaya zai iya yin kiristal iri biyu?

Ƙwarai, har ta kai ga kotu. Kamfanin Novartis ya nemi haƙƙin mallaka a Indiya kan wata siffar kiristal ta imatinib da ake kira beta. A 2013 Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi, ta ce ba a nuna sabuwar siffar ta fi warkarwa ba. Kamfanonin Indiya suka ci gaba da sayar da nasu mai sauƙin kuɗi.