Ƙure maleji ba shi ne ainihin gudun mota ba

An daɗe ana jin masu son mota na cewa: "Tawa ta taɓa 220, da idona na ga allurar." Wasu ma sun ɗauka lambar ƙarshe a maleji ita ce iyakar gudun motar.

Ba ƙarya suke yi ba, allurar ce ke yin ƙari. A ƙa'idar Turai, inda motocinmu na Kwatano da dama suka fito, an hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, amma an yarda ya haura da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4 a awa. Mai gudun 180 yana iya ganin 200. Sauya girman taya ma na karkatar da lissafin, domin juyawar taya ake ƙirgawa. Lambar ƙarshe kuwa, kamfani kan sa agogon maleji iri ɗaya a motoci masu inji daban-daban.

Gwadawa ba ta buƙatar ganganci. A miƙaƙƙen titi, cikin gudun da doka ta yarda, na kusa da direba ya buɗe manhajar GPS a waya ya kwatanta da allurar.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa direbobi su gani.