'Yata ta ce injiniya take so ta zama: tambayoyin iyaye a Daura

Me ya sa ba likita ko nas ba?

Mun daɗe da yarda mace ta karanci aikin asibiti, don kowa yana so mace ta duba masa iyali. Haka ne. Amma na'urar hoton ciki, da sola mai ba firijin rigakafi wuta, da rijiyar burtsatse, duk aikin injiniyoyi ne. Kuma wa ya kai mace sanin wahalar ruwa da hayaƙin itace?

Yaushe ya kamata a fara shiri?

A nan ake yin sake, kuma abin yana ci mini rai. Magana tana yankewa ne tun ranar shiga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai. Yarinyar da ba ta shiga ajin kimiyya ba, ƙofar ta rufe mata tana 'yar shekara 15, sau da yawa ba tare da an tambaye ta ba. Jarrabawar JAMB ta mai neman karatun injiniya Turanci ce da lissafi da fiziks da kemistiri, sannan ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da waɗannan huɗun. Don haka tun tana ƙaramar sakandare a riƙa duba littafinta na lissafi. Idan ɗan'uwanta yana bita da yamma ita kuma tana kan wanke-wanke ko talla, kada a ce lissafi ne ya fi ƙarfin kanta. Lokaci aka hana ta. A raba aikin gidan.

Ba za ta yi nisa da gida ba?

A da wannan hujja ce mai ƙarfi. Yanzu a cikin Daura akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a 2019, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya. A Katsina akwai Kwalejin Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Idan a Daura ta samu gurbi, tana iya zuwa lacca ta kwana a ɗakin mahaifiyarta.

Aure fa?

A sa maganar karatun cikin sharuɗɗa tun ranar da magabatan saurayi suka zo neman aure, a gaban waliyyi da shaidu. Wanda ya amsa a nan, da wuya ya janye daga baya.