Tambayoyin da kuke ta yi min a kan kuloci

Kullum tambayoyin nan dai su ne, yau wannan gobe wancan, har bakina ya gaji. To ga su na tara wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai mene ne aikin kuloci?

Shi ke haɗa inji da giyabos, shi ke raba su. Ka taka ya raba, ka saki ya haɗa. Shi ke nan.

Laifi ne in bar ƙafata a kan kuloci ina tafiya?

Laifi ne, sauke ta. Kai kana ganin ai ba ka danna ba, alhali nauyin ƙafar kaɗai ya isa ya sa boris ɗin kuloci, wato wanda ke dannawa ya raba su in ka taka, ya yi ta juyi ba hutu, in nauyin ya ɗan ƙaru filet, wato faifan kuloci, ya fara gugar fulawil, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, yana cinyewa, bayan 'yan watanni ka zo kana cewa an sayar maka da jabun kaya. Ƙafarka ce ta cinye shi malam.

Sabon koyo ne ni, mota na yawan mutu min in zan tashi.

Kwantar da hankalinka, babu direban da bai yi wannan ba, kuma ba ka lalata komai ba. Ɗago ƙafar a hankali har ka ji ƙarar inji ta ɗan sauka, motar ta fara rawa kamar tana son gusawa, tsaya nan kaɗan, ba ta totur ƙanƙani, sannan ka ƙarasa saki.

A kan hawa zan iya riƙe mota da rabin kuloci?

A'a. To hambirkin me aka yi shi? Wannan ƙaurin da kake ji bayan ka yi haka, filet ɗinka ne ke ƙonewa.

Giya ta ƙi shiga, kuloci ne ko giyabos?

To nan ne ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba, don abubuwa da yawa suna kawo haka kuma alamominsu na kama da juna. Fara da leƙa ƙarƙashin fedal, na sha ganin kafet ya naɗe a wurin ya hana kuloci kaiwa ƙasa, mai mota har ya fara lissafin sauke giyabos. In ba shi ba ne, kashe inji ka gwada giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Idan suna shiga sumul amma da ka tayar sai su ƙi, musamman lamba 1 da ribas, ribas ɗin har da ƙara ƙurrr, to galibi kuloci ne ba ya rabuwa sosai. Galibi na ce, ban ce dole ba. Daga nan sai ka san irin kulocinka, na waya ne ko na mai. Na waya yakan saki, wani lokacin ɗaure shi kawai za a yi. Na mai kuma duba gwangwanin man, sannan ka taka fedal sau 5 ko 6 da sauri ka sake gwadawa, in giyar ta shiga to akwai iska a layin ko masta, wato famfon man kuloci, na sama ko na ƙasa yana yoyo, shafa bayan fedal ɗin da hannu, in ka ji danshi ka kama ɓarawon. Amma fa idan giya ɗaya ce tak ke gardama sauran lafiya, na fi zargin cikin giyabos, ko wayoyin sandar giya. In kuma da sassafe ne kawai take tauri, mota na ɗumama ta ware, zai iya zama man giya ne ya tsufa ko ba irin nata aka zuba ba. Ko ma wanne ne, kada ka danna ta da ƙarfin tsiya, haƙoran ciki kake ci.

Ya zan gane filet ya ƙare?

Kana lamba 4 ko 5 ka taka totur, inji ya yi ihu amma gudun bai ƙaru ba. Ya ƙare, ko kuma mai ya zubo masa daga sil ɗin bayan inji, wato robar da ke tare mai a wurin.

Filet kaɗai zan canza, ko dole sai duka?

Haba. An riga an sha wahalar sauke giyabos, sai ka mayar da tsohon boris da tsohon firesha filet, mai matse filet a jikin fulawil? Canza ukun tare, a duba fuskar fulawil, in sil na yoyo a canza shi tun giyabos na ƙasa.

Wane mai ake zuba wa kuloci?

Yawanci man birki ne, DOT 3 ko DOT 4, yana nan a rubuce a kan murfin gwangwanin. Karanta. Kada ka kuskura ka zuba man inji, robobin ciki za su kumbura.